Daga Bakin Rijiya Zuwa Bencin Lakwal: Ƙasar Rumbu da Renon Yaro Mai Ƙiriniya

Babu ƙauyen da ba a san shi ba a ƙasar Hausa: yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda za a aika sayen gishiri ya dawo hannu rabbana da labarin faɗan raguna, wanda bakinsa ke riga tunaninsa. Uwa ta ce ƙiriniya ce da rawar kai, uba ya ce rashin ji ne, malami ya ce kansa ba ya ɗauka, idan abin ya yi nisa kuma gari ya yanke hukunci a ce ya kangare. Likitocin zamani sun ware wani kaso daga cikin irin waɗannan yara, wato waɗanda halin ya fara musu tun suna ƙanana, ya bi su gida da makaranta, ya ƙi wucewa har ya riƙa jawo musu asara, suka ce larura ce ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda masu Ingilishi ke taƙaita sunanta da ADHD, masu Faransanci kuma TDAH. A ƙasashen da suka fi bincike a kanta an daɗe ana muhawara kan abin da za a yi wa yaron ban da ƙwayar magani. Ni a ganina wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wuri irin Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. Zaman noma da kiwo da mutanen yankin suka gada yana da nasa tsarin da ke ɗauke irin wannan yaro ba tare da an laƙaba masa sunan ciwo ba. Cikin shekaru 60 da suka wuce, ɓangaren tsarin da ya fi amfani ya zaizaye, wanda ya fi cutarwa kuma, wato bulala da mari, ya tsira da ƙarfinsa.

Rumbu tana daidai inda gona da makiyaya suke haɗuwa, a yankin kwarin Tarka, tsohon kwarin nan da ya ratsa arewacin Maraɗi wanda makiyaya ke dogaro da ciyawarsa da rijiyoyinsa. A matsayin ƙaramar hukuma, ko kwamin kamar yadda ake faɗa a Nijar, ƴar jiya ce: dokokin 2002 ne suka samar da ita, zaɓen farko kuma a 2004 aka yi shi. Dakoro kanta sai a 1947 Turawan Faransa suka mai da ita mazaunin mulki. Ƙasar dai tsohuwa ce, domin Birnin Lalle, inda Gobirawa suka yi zaman sarauta a hanyarsu daga Azbin zuwa kudu, tana nan cikin gundumar. Amma yawancin ƙauyukan noma na arewacin Dakoro a ƙarni na 20 aka kafa su, bayan hare-hare sun lafa, Hausawa manoma suka riƙa gusawa arewa suna haƙa rijiya suna sarar daji, suka zauna kusa da Fulani da Buzaye masu dabbobi. Damunan albarka na shekarun 1950 sun ƙara musu ƙwarin gwiwa, har sai da sabuwar gwamnatin Nijar ta kafa doka a 1961 wadda ta shata iyakar da noma ba zai ƙetare ba ta arewa. Abin lura a wannan tarihi shi ne, a ƙauyen da aka kafa a bakin daji ƙasa tana da yawa, hannun aiki ne ke da wuya. Gidan da ke da yaro mai ƙarfin jiki, wanda ba ya gajiya da kai da komowa, gida ne da ya samu ƙarin hannu, kuma tun yana ɗan shekara 6 ko 7 ake samar masa abin yi.

Ya kamata a dubi irin aikin da kyau, domin a nan hujjata take. Yaro ya kora awaki bayan gari da hantsi, ya ja jaki ko raƙumi a bakin rijiya mai zurfi har guga ta fito sannan ya juyo, ya bi bayan mai sungumi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, ya kori tsuntsaye daga gero da majajjawa, ya kai fura gona, ranar kasuwa ya riƙe igiyar rago zuwa Sakabal. Kowanne daga cikin ayyukan nan gajere ne, da jiki ake yinsa, farkonsa da ƙarshensa a bayyane suke, sakamakonsa kuma nan take yake fitowa. Idan hankalinsa ya tafi wani wuri, akuya ce za ta shiga gonar mutane yanzu-yanzu, ba sakamakon jarrabawar da zai fito bayan wata uku ba. Idan ya yi daidai, guga ta fito cike, babba yana tsaye yana cewa madalla. Lokacin kowane aiki kuma a tsare yake, ba da agogo ba, da fitowar rana da sallolin yini da juyawar damina da kaka da rani. Da yaro ya tasa, uba kan yanka masa ɗan fili nasa na kansa, abin da ake kira gamana a ƙasar Maraɗi, gayauna a wajen Kanawa, ya noma bayan an tashi daga gandu, abin da ya samu nasa ne. A rugar Fulani kuma yaro kan tashi da ƴar maraƙa ko tunkiya da aka ce tasa ce, yana ganin tana girma tana haihuwa a hannunsa. Ba don maganin ƙiriniya aka tsara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, buƙatar rayuwa ce ta kawo su. Sai dai duk wanda ya san abin da masana ke ba iyayen irin waɗannan yara shawara a yau zai gane su: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, aiki gajere, motsin jiki, lada nan take, da tsarin yini wanda ba ya canzawa.

Bayan aikin kuma, ba mutum ɗaya ke ɗauke da nauyin yaron ba. A babban gida akwai kaka da baffa da gwaggo da abokiyar zaman uwa, ga kuma ƙa'idar cewa ɗa na kowa ne. Al'adar riƙo, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta filla-filla a littafin da Mary Smith ta wallafa a 1954, ta ba iyali wata ƙofa ta sauya wa yaro hannu ba tare da an kira abin kora ba. Yaron da suka kasa jituwa da mahaifinsa sai a ba kawu, wanda suke da wasa da sakin fuska, ko a haɗa shi da maƙeri ko dukawa ko mai fatauci ya koyi sana'a. Masu nazarin tarbiyya a yau sun san cewa babban abin da ke lalata irin wannan yaro shi ne a bar shi da babba guda ɗaya wanda ya gaji, kullum tsawa kullum gardama, har su saba da hakan a matsayin hanyar magana tsakaninsu. Riƙo da yawan manya a gida suna katse wannan sabo tun bai yi ƙarfi ba. Da dare kuma akwai dandali, da langa da kokawa da wasan farin wata, inda yaron da aka yini ana yi wa faɗa zai iya zama gwani, a yi masa kirari, ya kwana da sanin cewa akwai abin da ya fi tsararsa iyawa.

Makarantar allo ma, wadda ita ce makarantar yankin kafin zuwan boko, ta fi sauƙi ga mai rawar kai fiye da yadda ake zato, idan aka dubi tsarinta kawai. Kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya, ba a jiran kowa kuma ba a barin kowa a baya saboda aji ya wuce. Da murya ake karatu, da ƙarfi, jiki yana rangaji, yatsa yana bin baƙi. Darasi ƴan layuka ne. In ka haddace ka je ka biya wa malam, ya ce ka wanke, ka wanke allo ka shanya, ka dama tawada, a yi maka sabon rubutu. Zaman a rarrabe yake, asuba da la'asar da dare a gefen wuta, tsakaninsu ana itace ana ɗebo ruwa ana gonar malam, Alhamis da Juma'a kuma hutu. Yaron da ba zai iya sauraron bayani na awa guda a zaune ba zai iya rayuwa cikin wannan tsari, har ya yi sauka.

Ban kawo wannan don in wanke jiya ba, domin a makarantar nan ɗin dai dorina take rataye. Uba kan kai ɗansa ya ce wa malam ya yi masa horo yadda ya ga dama, kuma yaron da ya fi kowa mantuwa da motsi shi ya fi kowa shan bulala. Idan duka bai yi ba sai a koma ga rubutun sha da tofi da laya, a gidajen da ke riƙe da al'adar bori kuma a ce iskoki ne suka shafe shi. Waɗannan aƙalla suna ɗauke laifi daga kan yaron, suna sa a tausaya masa. Matakin ƙarshe shi ne mari, a ɗaure ƙafafun kangararre da ƙarfe a gidan malamin da ya yi suna wajen ladabtarwa. Duniya ta ga ƙarshen wannan hanya a watan Satumba na 2019, lokacin da ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan a watan Oktoba aka buɗe wani a Daura. Masu kare duka kan ce gadonmu ne da addininmu. Tarihi bai goyi bayansu ba yadda suke tsammani. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, malami ne na mazhabar Malikiyya da ƙasar Hausa ke bi, kuma a littafinsa na ladubban malamai ya taƙaita bulalar ɗalibi a kan karatu zuwa 3, ya hana ƙari sai da izinin uba, ya hana duka cikin fushi. Ibn Haldun ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanani kan koya wa yaro ƙarya da yaudara da kasala. Imamu Gazali ya yi wasiyyar a bar yaro ya yi wasa bayan makaranta don kada zuciyarsa ta mutu. Ta ɓangaren al'ada kuma, Murray Last, wanda ya zauna shekaru cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, ya nuna a wata maƙala ta shekarar 2000 cewa manoman nan suna ƙyamar dukan yara, saɓanin abin da ya gani a birni da makarantu. Ke nan yawan duka zaɓi ne da wasu suka yi a wani zamani, ba jinin Bahaushe ba ne.

Abin da ya rusa tsohon tsarin ba abu ɗaya ba ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun ƙarar da garken gidaje da yawa a arewacin Maraɗi, wasu makiyaya suka zauna suka kama noma, wasu manoma suka koma cin rani a Najeriya da Libiya. Jama'a ta ninka: Nijar da ke da mutum miliyan 3 da ƴan kai lokacin samun mulkin kai ta haura miliyan 17 a ƙidayar 2012, jihar Maraɗi kaɗai tana da fiye da miliyan 3. Daji ya ƙare, saura ta ɓace, gandu ya tsattsage zuwa ƙananan gonaki waɗanda ba su isa a yanka wa yaro gamana ba. Magidanta na barin gida watanni, uwa ta rage ita kaɗai da yara. Sai kuma lakwal, wato makarantar boko. A 1960 yaran Nijar da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma a karkara da yawa sai da tilas ake ɗaukar su. Daga 2003, da shirin ilimi na shekaru 10, aka buɗe makarantu a ƙauyuka birjik, aka cika su da malaman kwantaragi waɗanda akasarinsu horonsu gajere ne, ajujuwa da yawa kuma rumfunan zana ne. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya. Amma a duba abin da aji ke nema daga ɗan shekara 7: ya zauna a benci ko a ƙasa awa bayan awa, cikin yara masu yawa, ya yi shiru, ya saurari mushe, wato malamin aji, da harshen Faransanci wanda ba a yi a gidansu, ya jira sakamakon da ba zai gani ba sai ƙarshen zango. Duk abin da tsohon tsari ya sauƙaƙa wa mai ƙiriniya, aji ya tsananta shi. Abu ɗaya kawai ya ƙetaro daga can zuwa nan ba tare da ya canza ba, shi ne tsumagiya.

A nan wani zai ce to ai ka gama magana, ciwon Turawa ne da makarantarsu ta ƙirƙiro, mu yaranmu tarbiyya kawai suka rasa. Rabin wannan magana gaskiya ne, rabin kuma yana cutar da yara. Gaskiya ne yanayi na da hannu wajen wanda ake cewa yana da larurar: wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya gano cewa a jihohin da ke yanke shekarun shiga makaranta a ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, waɗanda su ne ƙanana a aji, an fi cewa suna da ita da wajen kashi 30 cikin 100 a kan waɗanda aka haifa a Satumba. A 2008 kuma Dan Eisenberg da abokan aikinsa sun duba mazan ƙabilar Ariyal ta arewacin Kenya, suka ga wani nau'in ƙwayar gado da ake dangantawa da wannan hali yana tare da ƙoshin jiki a cikin masu yawon kiwo, amma yana tare da rama a cikin ƴan uwansu da suka zauna wuri ɗaya. Ƙaramin bincike ne, bai kamata a ɗora masa kaya da yawa ba, sai dai ya yi daidai da tarihin da na zayyana. Duk da haka halin ya girmi makarantar zamani: likitan Sukotlan Alexander Crichton ya siffanta shi a 1798, George Still ya yi laccoci a kansa a Landan a 1902. Nazarin tagwaye ya nuna gado na da kaso fiye da 70 cikin 100 a cikinsa, kuma da Guilherme Polanczyk ya tattara binciken ƙasashe da dama a 2007 ya samu kusan yara 5 cikin kowane 100, bambancin yankuna kuma yawanci daga hanyar ƙirga yake. A ajin da ke da yara 60 ana maganar kamar yara 3 ke nan. Iyayen da suka reni ƴaƴa 7 da hannu ɗaya, 6 suka natsu ɗaya ya gagara, ba tarbiyya suka kasa ba, kuma gaya musu haka yana tura su ga ƙarin duka ne kawai.

Hanyoyin da ba na magani ba waɗanda bincike ya fi tabbatarwa sun taso ne daga lura da gida. A shekarun 1960 Constance Hanf, a jihar Oregon ta Amurka, ta fara koya wa iyaye mata su lura da abin kirkin da yaro ya yi su yaba nan take, su kau da kai daga ƙananan fitintinu, su ba da umarni gajere, sannan in an saɓa su yi hukunci mai sauƙi wanda ba ya canzawa, kamar zaunar da yaro gefe na ƴan mintoci. Gerald Patterson, shi ma a Oregon, ya bayyana yadda tsawar uba da taurin kan ɗa ke ciyar da juna har kowa ya koyi cewa wanda ya fi ɗaga murya shi ke cin nasara. A aji kuma akwai dabarar da aka fara gwadawa a Kansas a 1969: malami ya raba ɗalibai ƙungiyoyi, ya faɗi ƙa'idoji kaɗan, ƙungiyar da ta kiyaye na ɗan lokaci ta samu lada a ranar, ko da fita wasa da wuri ne. An gwada ta a wata makarantar firamare a Sudan a 1983 ta yi aiki, wato ba sai aji mai fanka da kwamfuta ba. Akwai kuma ƴar takardar kullum, wadda malami ke yi wa alama kan abubuwa 2 ko 3 da aka ɗora wa yaro, ya kai gida da yamma a yaba masa. Mai cewa duka ma ai yana aiki, tunda yaro kan yi tsit, bai lura da matsalar ba. Yaron nan ya san ƙa'ida sarai, riƙe ta a daidai lokacin da ake buƙata ne ke kuɓuce masa. Bulalar jiya ba ta tuna masa da komai yau, abin da take koya masa shi ne ɓoye laifi da gudun makaranta. Abin da ke taimakonsa shi ne tunatarwa da sakamako su kasance kusa da aikin, kamar yadda suke a bakin rijiya.

Masu magana da yawun likitanci su ma suna da tasu suka, kuma mai nauyi ce: magani ya fi duk waɗannan ƙarfi. Tun 1937, da Charles Bradley ya ga canjin da wata ƙwaya mai zaburar da ƙwaƙwalwa ta kawo wa yara a Rhode Island, hujja ke taruwa. Babban gwajin da aka buga a Amurka a 1999, kan yara 579 na tsawon watanni 14, ya nuna magani da ake bibiya da kyau ya fi horon ɗabi'a shi kaɗai rage ainihin alamomin, kuma nazarin da Edmund Sonuga-Barke ya jagoranta a 2013 ya nuna cewa idan masu auna sakamako ba su san wane yaro aka yi wa horo ba, tasirin horon a kan rashin natsuwa da yawan motsi kan ragu ƙwarai. Dole a karɓi wannan. Horon iyaye ba ya sauya yadda aka halicci yaro. Abin da yake sauyawa shi ne yawan faɗa da duka a gida, da taurin kai, da dangantakar yaro da manyansa, kuma waɗannan su ne ke raba wanda zai girma ya zama ɗan kasuwa mai kazar-kazar da wanda zai ƙare a mari ko a shan tiramol. A gwajin 1999 ɗin kansa, bayan shekaru 3 ratar da ke tsakanin rukunonin ta ɓace. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙasar da magani ke ko'ina, ta ce ga ƴan shekara 4 da 5 da horon iyaye za a fara. Ga mutumin Rumbu kuwa zaɓin ma bai taso ba tukuna: ƙwayar methylphenidate tana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsaurara, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne kuma yawancinsu a Yamai suke, Dakoro kanta tana da nisan fiye da kilomita 100 daga Maraɗi. Yaron da larurarsa ta yi tsanani yana da haƙƙin a kai shi inda za a duba shi, amma mafi yawa a hannun uwa da mushe da malam za su girma.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta masu cewa wannan duk ƙawata aikin yara ne da kewar zamanin da ya shuɗe. Suna da hujja. Kiwo ya ɓoye larurar ne a wasu lokuta, bai warkar da ita ba, kuma farashin shagalar ɗan kiwo ya hau sosai tun da gonaki suka cinye burtali. A yankin da bai manta da Toda ba, inda aka kashe mutane fiye da 100 a rikicin manoma da makiyaya a watan Oktoba na 1991, ba ƙaramin abu ba ne a danƙa garke a hannun yaron da hankalinsa ke yawo. Cire shi daga lakwal a mai da shi daji da sunan ya fi dacewa da can hukunci ne na jahilci har ƙarshen rayuwa, a zamanin da ko cinikin rago da wayar salula ake yinsa. Tsohon tsarin kuma bai yi wa ƴaƴa mata adalci ba. Yarinya mai wannan larura sau da yawa ba ta da hayaniya, mantuwa ce da dogon tunani, tuwo ya ƙone, canjin talla ya ɓace, a ce mata shashasha ko sakarya. Idan kuwa mai rawar kai ce, maganin da aka saba shi ne a gaggauta aurar da ita, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, Maraɗi kuma na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Saboda haka ba komawa kiwo nake kira ba. Siffofin aikin ne abin ɗauka, a shigo da su cikin aji da gida da gangan: mushe ya zaunar da yaron a gaba, ya gutsuttsura masa aiki, ya sa shi share allo da raba littattafai da ɗebo ruwa don jikinsa ya samu motsi na halal, uwa kuma ta aike shi abu ɗaya, ya maimaita da bakinsa kafin ya fita, ya dawo ta sa masa albarka kafin ta ƙara wani.

Akwai kuma abin da ya wajaba a fara kawarwa kafin a ce yaro na da wannan larura, kuma a Dakoro ya fi na Turai yawa. Jihar Maraɗi ce cibiyar matsalar tamowa ta 2005, yaran da suka sha ta a lokacin su ne iyaye matasa na yau. Yunwar safe, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ciwon kunne da ya rage ji, da wani nau'in farfaɗiya da ke ɗauke yaro na ƴan daƙiƙu ba tare da ya faɗi ba, kowannensu na iya sa a ce yaro ba ya mai da hankali, kuma yawancinsu ma'aikacin lafiya na karkara zai iya ganowa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 don ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba ta sa matsalolin ɗabi'ar yara a ciki, kuma da wayar da kan iyaye da horar da su ta fara. Zancen cewa sukari ne ke haukata yara bai tsaya ba da aka tattara gwaje-gwaje a 1995, don haka babu dalilin ɗora wa talaka dokar abinci. Sai harshe. Yaron da bai fahimci abin da ake faɗa ba dole ya yi wasa da takalminsa, ko yana da larura ko ba shi da ita, kuma babu yadda malami zai bambance su muddin darasin da Faransanci ne tun ranar farko. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram tun 1973, kundin da hukumomin ƙasar suka fitar a 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan ya isa ajin farko na ƙauyukan Rumbu, da Hausa da Fulatanci da Buzanci gwargwadon yaran da ke zaune, yawan waɗanda ake kira marasa ji zai ragu, ƴan kaɗan ɗin da ke da larurar ta gaske kuma za su fito fili, a san su, a zauna da iyayensu da kwamitin makaranta da malamin allo a tsara musu yini tun suna ƴan shekara 7.